Yadda Ake Haɗa Kibiya Da Yadda Ake Daidaita Ta

Baka da kwari tsofaffin kayan aiki ne a ƙasar Zamfara. Kafin bindiga ta yawaita, da su maharbi ke ciyar da iyalinsa. Da su manomi ke korar biri da gyado daga gona, makiyayi kuma ya tsare garkensa daga kura. A Nasarawar Burkullu da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da ƙauyukan da ke tsakanin Anka da Gummi, har yanzu akan tarar da kwari rataye a ɗakin dattijo. Sai dai masu iya haɗa kibau da hannunsu suna ta raguwa. Samari da yawa sun gaji baka, amma ba su gaji sanin kibiya ba.

Sau da yawa idan yaro ya yi harbi ya kuskure, sai ya ɗora wa idonsa laifi, ko ya ce bakan ne ba shi da kyau. Alhali kuwa laifin yana iya zama na kibiya. Baka ɗaya ne, hannun mai harbi ɗaya ne, amma kibau goma ne ko fiye a cikin kwari. Idan tsawonsu da nauyinsu da ƙarfinsu suka bambanta, kowace hanyarta za ta kama. Saboda haka kibiya ta ƙwarai ita ce wadda ta dace da bakan da zai harba ta, ta kuma yi daidai da 'yan'uwanta na cikin kwari. Yadda ake samun haka shi ne abin da wannan bayani ya ƙunsa.

Kibiya A Tarihi

Kibiya ta taka rawa babba a tarihin wannan yanki. A watan Yuni na shekarar 1804 aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto tsakanin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa sun zo da dawaki masu yawa, har da masu lifidi. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu yana ga 'yan baka. Duk da haka su suka yi nasara a ranar. Kibiyar wancan zamani gajera ce, tsawonta kamar ƙafa biyu, jikinta na kyauro, kanta na ƙarfe mai kunne, kuma ba ta da gashin tsuntsu a gindi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a shekarar 1903, yaƙe-yaƙen sarakuna suka ƙare. Kibiya ta koma hannun maharba da makiyaya da masu gadin gona. Sarautar Sarkin Baka, wato shugaban maharba, wadda ake da ita a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, shaida ce ta darajar da wannan sana'a ke da ita. Ƙirar kibiyar kuwa ba ta sake ba ƙwarai daga wancan lokaci zuwa yau.

Sassan Kibiya

Kibiya tana da sassa huɗu. Na farko shi ne kyauro, wato karan da ke zama jikinta. A ƙasashen Sakkwato da Zamfara wasu kan ce kyamro. Na biyu shi ne ƙarfen kai, wanda maƙeri ke ƙerawa. Yana da tsini a gaba, da siririyar wutsiya a baya wadda ke shiga cikin kyauro. Na uku shi ne tsagar gindi, inda tsirkiyar baka ke zama. Na huɗu shi ne ɗauri, wanda ke riƙe bakin kyauro da gindinsa don kada su tsage.

Ƙarfen kai iri-iri ne. Akwai tsiko, wanda ba shi da kunne. Shi ya fi dacewa da koyo da gwaji, domin yana da sauƙin zarewa. Akwai mai kunne ɗaya ko biyu, na farautar nama. Akwai kuma ƙunda, mai dunƙulallen kai na itace, wadda yara ke koyon harbi da ita, ake kuma harbin tsuntsaye.

Zaɓen Kyauro

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka kibiya take, tun daga ranar yankan kyauro ake sanin makomarta. Kyauro doguwar ciyawa ce mai farar fure kamar auduga, dangin rake ce, tana son wuri mai danshi. Fadamu da gaɓar gulabe, irin su Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da suka ratsa yammacin jihar, nan ne wurin nemanta.

Lokacin yanka shi ne bayan kaka, wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da kara ya ƙosa ya soma yin ruwan ɗorawa, kafin gobarar daji ta cinye shi. Karan da aka yanka yana ɗanye yakan motse idan ya bushe, ya yi taushi. Wanda ya daɗe a ƙasa har ruwa ya buge shi kuwa yakan yi gautsi, ya karye da ɗan lanƙwasawa.

A zaɓi kara mai kaurin ƙaramin yatsa ko ƙasa da haka kaɗan, mai santsin jiki, wanda ƙwaro bai huda ba. A duba gaɓoɓinsa. Wanda ya yi gwiwa a gaɓa yana da wuyar miƙewa, gara a bar shi. A yanke shi da tsawo fiye da yadda ake bukata, domin daga baya za a rage. Mai son kibau goma ya yanko kara talatin ko arba'in, saboda da yawa za su faɗi a wurin tantancewa.

Idan an kawo gida, a ɓare ganyen, a haɗa su dami ƙanana, a sa miƙaƙƙiyar sanda a tsakiyar kowane dami, a ɗaure tamau a wuri uku ko huɗu. A rataye a inuwa inda iska ke shiga, kamar ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure, har mako uku zuwa huɗu. Kada a shanya a rana, domin zafin rana yana tsaga kara. Kada kuma a kankare bayan kyauro da wuƙa don ya yi kyaun gani. Ƙarfin kara a bayansa yake, cikinsa totuwa ce kawai.

Miƙar Da Kyauro Da Auna Tsawo

Da wuya a sami karan da ya fito a miƙe sarai. A ɗauki kowanne, a runtse ido ɗaya, a dube shi daga gindi zuwa kai ana juyawa a hankali. Ko kuma a mirgina shi a kan allo ko tebur mai santsi. Inda ya yi tsalle, nan karkata take.

Ana gyara karkata da zafin garwashi. A shafa wa wurin ɗan man gyaɗa ko man kaɗe, a riƙe shi sama da garwashi ana juyawa, har ya yi zafin da hannu zai iya jurewa da ƙyar. Daga nan a tanƙwara shi sannu a hankali zuwa ɗaya gefen, a riƙe har ya huce. Kada a kai shi ga harshen wuta. Wurin da ya yi baƙi ya ƙone ke nan, kuma nan zai karye. A fara da tsakanin gaɓoɓi, sannan a koma kan gaɓoɓin. Bayan kwana biyu a sake dubawa, domin wasu kan koma yadda suke. Wanda aka gyara sau uku bai tsaya ba, a jefar da shi.

Tsawon kibiya ya danganta da hannun mai harbi. Kibiyar gargajiya takan kai kamu ɗaya da taƙi ɗaya, wato santimita 60 zuwa 65. Amma kowa ya auna nasa. Mai harbi ya ɗora dogon kara a baka, ya ja tsirkiya iyakar inda ya saba ja, wani ya sa alama da gawayi a daidai gaban bakan. A ƙara faɗin yatsa biyu a kan alamar. Wannan shi ne tsawon kyauronsa. Kibiyar da ta gaza haka hatsari ce, domin ƙarfen yana iya shigowa bayan baka ya soki hannun da ke riƙe da shi. Idan an sami tsawon, a yanka sanda guda a ajiye ta zama ma'auni, a riƙa yanke dukkan kibau da ita.

Wajen yanka, a sa gefen da ya fi kauri ya zama gaba. A kuma yi dabara gindin kibiya ya faɗo kusa da gaɓa, da ratar faɗin yatsa ɗaya a bayanta. Gaɓa ita ce wuri mafi tauri a jikin kara, ita za ta tare tsirkiya kada ta tsaga kyauron.

Aikin Maƙeri

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai haɗa kibiya ba ya rabuwa da maƙeri. A yau maƙera kan ƙera kan kibiya da babbar ƙusa ko guntun rodi. Abin da ya kamata a roƙi maƙeri shi ne ya yanke ƙarafan tsawo ɗaya tun kafin ya sa su a wuta, don su fito da nauyi ɗaya. Wutsiyar ƙarfen ta kai tsawon yatsa, ta siranta zuwa ƙarshe, ta kuma miƙe daidai da tsini. Idan an buga ta mai kusurwa huɗu ta fi kama totuwa, ba ta juyawa a ciki.

A auna ƙarafan kafin a sa su. Ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinari ya isa wannan aiki. Wanda bai samu ba ya rataye sanda da zare a tsakiyarta, ya ɗaura ƙarfe ɗaya a kowane gefe. Wanda ya rinjaya a goge shi da magagari har su daidaita. A zaɓi ƙarfe ɗaya ya zama uba, a auna sauran da shi.

Akwai gargaɗi a nan. Kada a narka dalma, ko ta tsohon batirin mota, don ƙara wa kibiya nauyi. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san illar dalma fiye da kowa. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinari da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Hayaƙin narka dalma da ƙurarta guba ɗaya ce da waccan, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Mai son ƙarin nauyi ya sa maƙeri ya ƙera ƙarfe mai tsawon wuya.

Ɗauri Da Tsagar Gindi

Ɗauri ake fara yi kafin a soka ƙarfe. Wanda ya soka ƙarfe a kyauron da ba a ɗaure ba, tsagewa zai yi nan take. Abin ɗauri na asali shi ne jijiyar sa ko ta akuya, wadda ake samu wurin mahauta. A busar da ita, a daddaka a hankali har ta warware zare-zare, a jiƙa ta yi laushi. A naɗa ta a bakin kyauro, faɗin yatsa biyu zuwa uku, zagaye na bin zagaye ba tare da rata ba. Amfanin jijiya shi ne tana ƙanƙancewa idan ta bushe, sai ta ƙara matse karan. Wanda bai sami jijiya ba ya yi da zare mai ƙarfi irin na dukawa, ya shafe shi da gam.

Idan ɗauri ya bushe, a huda totuwa da siririyar waya, a tsakiya daidai. Ramin ya ɗan gaza wutsiyar ƙarfe a faɗi. A shafa wa wutsiyar ƙaro ko gam, a tura ta a hankali har ta zauna. Wasu kan gasa wutsiyar ta yi ja kafin su soka. Wannan yana ƙona totuwa, ramin ya yi faɗi, ƙarfen ya riƙa girgiɗi bayan 'yan kwanaki.

Daga nan a tsayar da kibiyar da tsininta a kan allo, a murza ta da yatsu kamar mazari. Idan tana juyawa lafiya, ƙarfe ya zauna daidai. Idan tana rawa, ƙarfen ya karkace, a gyara shi tun gam bai kama ba.

Kafin a yi tsagar gindi, a nemi gefen da kyauro ya fi tauri. A dafa gindinsa a ƙasa, a riƙe kansa da tafin hannu, a danna tsakiya ana mirginawa. Za a ji wani gefe ya fi ƙin lanƙwasa. A sa masa alama. A yi tsagar yadda wannan gefe zai riƙa jingina da jikin baka a kowace kibiya. A naɗa jijiya faɗin yatsa ɗaya a gaban tsagar. Kada tsagar ta matse tsirkiya har ta riƙe ta, kada kuma ta yi sako-sako har kibiya ta zame. Bayan an gama, a shafe ɗauri duka da kakin zuma, domin jijiya da ƙaro ba sa shiri da ruwa.

Inda Nauyi Ya Kamata Ya Zauna

Kibiyar Turawa da ta mutanen Asiya tana da gashin tsuntsu a gindi. Gashin yana kama iska ya riƙe gindi a baya. Kibiyar Hausa ba ta da shi, nauyin ƙarfe ne ke yi mata wannan aiki. Kai mai nauyi yana jan gaba, gindi mara nauyi yana biye. Wannan ƙira tana da sauƙin yi, ba ta lalacewa a cikin kwari, ruwan sama kuma ba ya ɓata ta. Amma tana da sharaɗi, dole nauyi ya rinjaya gaba sosai.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗora kibiya a kan yatsa, a matsa ta har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. A kibiyar da ba ta da gashi, wurin ya kamata ya kasance kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta daga tsini, ko ma ya fi haka kusa da kai. Misali, kibiya mai santimita 60 tsakiyarta tana kan 30. Wurin tsayawarta ya zama wajen santimita 20 daga tsini. Idan ta tsaya a tsakiya, ƙarfen ya yi mata kaɗan, za ta riƙa wutsil-wutsil a iska, wani lokaci ma ta faɗi a gicciye. A sa alama a wurin tsayawar kowace kibiya, a jera su a ƙasa. Alamomin su zo a layi ɗaya.

Mai son harbin nesa yana iya sa gashi. A sami gashin fiffiken zabo ko talotalo guda uku, a tsaga kowanne biyu, a ɗauki gefe mai faɗi, a yanke tsawon yatsa. A manna su a gindi da rata daidai, a ɗaure kai da ƙarshe da zare. Dole gashin kibiya ɗaya ya fito daga fiffike ɗaya, na dama duka ko na hagu duka. Idan aka gauraya, kowanne zai ja iska ta gefensa.

Ƙarfin Kyauro Da Ƙarfin Baka

Ido ba ya ganin abin da ke faruwa sa'ad da aka saki tsirkiya, amma na'urorin ɗaukar hoto masu sauri sun nuna shi. Tsirkiya tana tura gindi da ƙarfi, ƙarfen kai kuma saboda nauyinsa bai riga ya motsa ba. Sai kyauro ya lanƙwashe, ya kewaye jikin baka, ya fita yana kaɗawa kamar kifi a ruwa kafin ya miƙe. Idan kyauro ya yi wa baka tauri, ba zai lanƙwashe yadda ya isa ba. Idan ya yi laushi, lanƙwasar za ta yi yawa. Baka mai ƙarfi yana son kyauro mai tauri, bakan yaro kuma yana son mai laushi. Shi ya sa kibiyar aro ba ta cika yin daidai ba.

Kamfanonin da ke yin kibau na zamani suna auna wannan tauri. Sukan ɗora kibiya a kan matokara biyu masu ratar inci 28, su rataya nauyin giram 880 a tsakiya, su auna yadda ta lanƙwashe. Ana iya yin irin wannan a gida. A kafa ƙusa biyu a bango a layi ɗaya, ratarsu ta ɗan gaza tsawon kyauro. A ɗora kyauro a kai, a rataya kwaɗon ƙofa ko ƙaramin dutse a tsakiya, a sa alama a bango inda ya sauka. A yi wa kowane kyauro haka da nauyi ɗaya. Waɗanda suka sauka wuri ɗaya 'yan kwari ɗaya ne. An fi so a yi wannan tun kafin a sa ƙarfe, don kada a yi wahalar banza.

Gwaji A Fili

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A cika buhu da ƙaiƙayi ko yashi, a jingina shi da katanga ko tudu, inda mutum ko dabba ba za su gitta ta baya ba. A rubuta lamba a jikin kowace kibiya, 1, 2, 3, har zuwa ƙarshe. A fara daga taku 10, a harba kowace sau biyar, ana lura da inda take sauka da yadda take tsayawa a buhu. A yi gwajin da safe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta.

Idan kibiya tana yawan kaucewa zuwa gefen bakan da ake ɗora ta, ta yi tauri. Maganinta a sa mata ƙarfe mai ɗan nauyi, domin nauyin kai yana ƙara wa kyauro lanƙwasa. Idan tana kaucewa zuwa ɗaya gefen, ta yi laushi. A rage nauyin ƙarfe, ko a rage tsawon kyauro kaɗan, muddin ba zai gaza ma'aunin hannu ba. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Idan kibiya ta tsaya a buhu gindinta ya ɗaga sama, ana ɗora ta a tsirkiya sama da yadda ya kamata. Idan gindin ya yi ƙasa, ana ɗora ta ƙasa da yawa. A nemi wurin da take shiga a miƙe, a naɗa zare a tsirkiya a daidai nan, don a riƙa ɗora kowace kibiya wuri ɗaya. A gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sake ƙarfe ya kuma rage tsawo a tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Idan an gamsu a taku 10, a koma 15, sannan 20. Idan duk kibau sun watse, hannu ne bai zauna ba, sai a ƙara koyo. Idan kuwa tara suna taruwa wuri ɗaya, lamba guda ce kullum take fita, laifin nata ne. A duba ta, in ta ƙi gyaruwa a cire ƙarfen a sa wa wani kyauro.

Manyan 'yan wasan duniya ma haka suke yi. A gasar Olamfik ana harbi daga nisan mita 70, da'irar tsakiya kuma faɗinta bai wuce santimita 12.2 ba. Ƙungiyar matan Koriya ta Kudu ta ci lambar zinari a wannan wasa sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Kibau irin nasu na kamfani ne, masu tsada, duk da haka 'yan wasa kan auna su, su sa musu lamba, su ware wadda ta saɓa.

Dafi Da Sauran Haɗurra

A da maharba da mayaƙa kan shafa wa kibiya dafi, wanda akasari ake samu daga kwankwani. Gubarsa zuciya take kamawa. Ƙarfinta ya kai har wani likita a ƙasar Sikotilan mai suna Thomas Fraser ya tace sinadarin daga wani dangin wannan tsiro a shekarar 1885, likitoci suka yi ta amfani da ɗan ƙanƙaninsa wajen maganin ciwon zuciya. Dafi bai san mai shi ba. Ƙwarzane kaɗan ya isa ya hallaka yaro ko babba, kuma yana daɗewa a jikin ƙarfe. Kibiyar da aka daidaita da kyau ba ta bukatarsa. Tsofaffin kibau na gado masu baƙin abu a wuya, a ɗauka suna da dafi, a nisanta su daga yara.

Kafin kowane harbi a ɗan lanƙwasa kibiya kusa da kunne. Idan an ji ƙara, ta tsage, a karya ta a jefar. Tsagaggen kyauro yakan fashe lokacin saki ya shiga hannu. Kada a saki tsirkiya babu kibiya, yana karya baka. Kada a nuna mutum da kibiya ko da wasa.

Idan tsautsayi ya sa kibiya ta soki mutum, kada a zare ta, musamman mai kunne. Zarewa tana yaga nama, ta buɗe hanyar jini. A tallafe ta da tsumma mai tsabta kada ta motsa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Gummi ko na Anka. Ko raunin ƙarami ne a nemi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.

Ajiya Da Kiyaye Doka

A ajiye kibau a kwari mai murfi, tsini a ƙasa, a rataye a bango nesa da gara da danshi da hannun yara. Kada a jingina kibiya da bango, za ta karkace. A shafa wa ƙarafa ɗan mai saboda tsatsa, a sake duba ɗauri bayan kowace damina.

Maharbi ya tuna tun shekarar 1985 akwai dokar ƙasa da ta kare namun dajin da ke neman ƙarewa, irin su zaki da damisa. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani cewa a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma tsuntsun da ƙunda ta buge ya mutu ba a yanka ba, mushe ne.

Shekarun nan dazuzzukan yammacin Zamfara sun yi fama da rashin tsaro. Mai neman kyauro ya tafi da rana, cikin jama'a, kusa da gari. Mai son yin gwaji ya sanar da mai unguwa ko Sarkin Baka. Kada a shiga kasuwa da kwari, kada kuma a ɗauke shi zuwa wurin rigimar gona ko ta kiwo. Irin wannan rigima ta hakimi da alƙali ce.

Haɗa kibiya aiki ne na haƙuri. Daga yankan kyauro zuwa cika kwari yakan ɗauki wata biyu, kuɗin da ake kashewa kuwa bai wuce na maƙeri da jijiya ba. Dattawan da suka iya suna nan da sauransu a Nasarawar Burkullu da kewaye. Ya kamata samari su zauna da su a kakar bana, tun kyauro yana tsaye a fadama. Allah ya sa a dace, amin.